Brett Favre da Green Bay: wa ya ci amanar wani?

Sani_Milwaukee:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Jiya da daddare bayan na taso daga aiki na sake cin karo da bidiyon nan na watan Maris 2008, wanda Brett Favre yake zaune gaban 'yan jarida yana kuka, yana cewa ya ajiye wasa. Na kalle shi ya fi a ƙirga, amma har yau in na gani sai wani abu ya tokare min ƙirji. Mutumin nan shekara 16 ya yi wa Green Bay Packers, daga 1992 zuwa 2007. Tun ranar da aka sa shi a fili bai taɓa fashin wasa ko ɗaya ba, ko da targaɗe ko da karaya a yatsa. Ya ciyo musu Super Bowl, wato wasan ƙarshe na ɗaukar kofin gasar NFL, an ba shi gwarzon gasar sau uku a jere. Da ya dawo bayan wata huɗu ya ce ya fasa ritayar, sai suka rufe masa ƙofa, suka tura shi New York Jets kamar wani kayan gwanjo. Ni a wurina an ci moriyar ganga ne aka ya da kwaurenta. Wanda yake ganin ba haka ba ne ya fito ya fahimtar da ni.

Ɗan_Kurna:
Wa alaikumus salam Yaya Sani. Mu da muke gida sai a fara yi mana bayani. Wannan ƙwallon da ake rungumewa a gudu da ita ce ko? Shi Favre ɗin wace lamba yake bugawa, ɗan gaba ne ko ɗan tsakiya?

Injiniya_Bello:
Ɗan_Kurna, ita ce, ƙwallon Amurka. Matsayinsa ana ce masa kwatabak. Shi ake miƙa wa ƙwallo a farkon kowane hari, shi zai duba yadda abokan hamayya suka jeru, ya yanke shawara cikin daƙiƙa biyu ko uku: ya jefa wa wani can gaba, ko ya miƙa wa mai gudu. Ka haɗa kyaftin da mai raba ƙwallo da rabin aikin koci a jikin mutum ɗaya. Abin da ya kamata ka riƙe don ka gane rigimar nan shi ne mutum ɗaya tak ke buga wurin. Ba kamar 'yan gaba ba ne da za ka sa biyu su yi wasa tare. In wannan yana fili, wancan yana benci, shi ke nan.

Ɗan_Kurna:
To na gane. Kamar gola ke nan. Na gode Injiniya.

Abban_Husna:
Malam Sani, ina ganin girmanka, amma ka tsallake rabin labarin. Wa ya ce masa ya yi ritaya? Da bakinsa ya faɗa, gaban duniya, da hawaye. Kuma ba a ranar ya fara ba. Shekaru kafin nan, duk ƙarshen kaka sai ya bar ƙungiya a tsaye tana jira, zai dawo ko ba zai dawo ba, yana can gonarsa a Mississippi. Har a ƙarshen watan Maris ɗin nan na 2008 ya nuna musu yana son dawowa, koci Mike McCarthy da janar manaja Ted Thompson suka shirya tafiya wurinsa su karɓe shi, ya sake cewa a'a ya fasa. Suka je zaɓen sababbin 'yan wasa a Afrilu suka ɗauko kwatabak har biyu, Brian Brohm da Matt Flynn, don su tsaya bayan Aaron Rodgers. Suka yi atisayen bazara gaba ɗaya da Rodgers. Sai a Yuli ya ɓullo. Ni mai goyon bayan Minnesota Vikings ne, na ci ribar wannan rabuwa, amma gaskiya ɗaya ce.

Sani_Milwaukee:
Abban_Husna, ai shi ma ya faɗi nasa. A hirar da ya yi da Fox News a watan Yuli ya ce matsa masa aka yi ya ba da amsa da wuri, tun jikinsa bai huce daga kakar da ta wuce ba. Ka tuna yadda kakar ta ƙare. 20 ga Janairu 2008, a Lambeau Field, filin Packers, sanyi ya kai maki 18 ƙasa da sifili, wasan da za a ci a tafi Super Bowl. A ƙarin lokaci ya yi jifa Corey Webster na New York Giants ya cafke, aka cinye su 23 da 20. Mutum mai shekara 38 da ya fito daga wannan, ka tambaye shi bayan sati shida ko zai sake, me kake tsammani zai ce? A bar shi ya huta mana. Ƙungiyar da ta ci wasa 13 cikin 16 a ƙarƙashinsa, ba wai ya tsufa ya daina iyawa ba ne.

Kawu_Garba:
'Ya'yana, ban taɓa kallon wannan wasa ba, jikana ne ya sa ni a zauren nan. Amma abin da Sani yake faɗa na san shi a jikina. Shekara 24 na yi ina riƙe da sito a wani kamfani. Wata rana aka kawo min wani yaro mai digiri aka ce in nuna masa aiki. Na nuna masa komai, har inda rufi yake yoyo da damina da yadda ake jera buhu kada na ƙasa ya ruɓe. Bayan shekara biyu, ranar wata Juma'a, aka kira ni ofis aka ce in miƙa masa makullai. Makullan nan guda tara ne a zobe ɗaya, na ɗaura musu wani jan zare don kada su ɓace min. Na tsaya ina kwance zaren, hannuna yana rawa, yaron ya kasa kallona. An biya ni haƙƙina cif, ban bi su kobo ba. Amma babu wanda ya zaunar da ni tun farko ya ce Garba, ga inda muka dosa. Wannan shi ne ciwon, ba kuɗin ba. Ina jin shi ma wannan bawan Allah abin da ya ci shi ke nan.

Hajiya_Turai:
Allah ya saka maka da alheri Kawu, ya sa abin da ka yi ya zama a mizani. Sai dai akwai bambanci ɗaya tsakaninka da Favre. Kai ka koya wa yaron aiki. Shi kuwa da aka ɗauko Rodgers a 2005, fitowa ya yi ya ce a kwantiraginsa ba a rubuta cewa aikinsa ne ya shirya Rodgers ba. Yaro ɗan shekara 21, wanda ake ta cewa shi za a fara ɗauka a zaɓen, ya zauna gaban kyamara awa da awanni ana tsallake shi har sai a na 24. Ya zo gari baƙo, ya yi shekara uku a benci. Ina aikin jinya a nan Wisconsin tun lokacin, na ga yadda aka yi wa yaron nan a 2008. A wasan atisaye na farkon Agusta, a filinsu, magoya bayansu suka yi masa ihu, alhali Favre ya sauka da jirgi a garin a wannan yammacin mutane suna tarbarsa. Me Rodgers ya yi wa wani? Kullum in ana wannan zance ana mantawa da shi.

Kawu_Garba:
Hajiya, in haka ne bai kyauta ba. Yaro ba shi da laifi. Nawa ma har yau yana zuwa gaishe ni da Sallah.

Madridista_Zariya:
Wannan ai labarin Casillas ne. Ya shiga Real Madrid yana ɗan shekara 9, ya yi shekara 25, a Yulin 2015 ya zauna shi kaɗai gaban 'yan jarida yana kuka, ko mutum ɗaya daga shugabanni bai zauna kusa da shi ba. Ya tafi Porto. Ni ɗan Madrid ne amma ranar na ji kunya. Manyan ƙungiyoyi duk halinsu ɗaya.

Ɗan_Kurna:
Mu ma Messi da hawaye ya tafi a 2021. Amma shi ba ya so ya tafi, kuɗi ne suka hana.

Injiniya_Bello:
Tun da an zo maganar kuɗi, akwai abin da ba a ambata ba. Shugaban Packers na lokacin, Mark Murphy, ya tashi takanas ya je Mississippi a ƙarshen Yuli, kuma jaridu sun ruwaito an yi wa Favre tayin kusan dala miliyan 20 a shekara goma, ya zama jakadan ƙungiya, ya ci gaba da zama a gida. Masu goyon bayan ƙungiya suna cewa karamci ne. Masu goyon bayansa suna cewa toshiyar baki ce, an ce masa karɓi ka yi shiru. Bai karɓa ba. Shi abin da ya nema a sallame shi kawai ya tafi inda ya ga dama, kuma kowa ya san inda ya ga dama Minnesota ce, domin Darrell Bevell da ke tsara musu hari tsohon kocinsa ne a Green Bay, kuma salon wasansu iri ɗaya ne da wanda ya saba. Su kuma Packers suna rukuni ɗaya da Vikings, sau biyu suke haɗuwa duk shekara. Shi ya sa suka sayar da shi ga Jets, suka kuma sa sharaɗi cewa in Jets suka juya suka miƙa shi Minnesota, sai sun biya da zaɓin zagayen farko har uku a zaɓen sababbin 'yan wasa.

Sani_Milwaukee:
Yauwa Injiniya, ka kawo min hujjata da kanka. In har sun yarda ya ƙare, tsoron me suke ji? Ka ce mutum ba ka bukatarsa, kuma ka ɗaure masa ƙafa kada ya je gidan maƙwabci. Ɗaya za ka zaɓa.

Abban_Husna:
Ba su ce ya ƙare ba Malam Sani. Sun ce sun wuce wurin. Kuma wane mai hankali ne zai wasa wuƙa ya miƙa wa abokin gaba? Ko kai ne a kujerar Thompson haka za ka yi.

Tela_Mai_Almakashi:
Ku ba ni dama in faɗi ta ɓangaren mai shago, tun da Kawu ya faɗi ta ma'aikaci. Ina da wani babban tela da muka yi shekara 13 tare. Hannunsa a wuyan kaftani babu irinsa a layinmu, kwastomomi da sunansa suke zuwa. Amma duk bayan ƙaramar Sallah sai ya ce min Alhaji na gaji, idona ya fara ba ni matsala, zan koma gida noma. In lallashe shi, in ƙara masa, ya zauna. Shekara huɗu muna haka. A ta biyar ya tattara almakashinsa da tef ɗinsa, muka yi sallama, har na haɗa masa sha tara ta arziki. Na ɗora yaron da ya daɗe yana jiran keken, na ce masa daga yau naka ne. Saura sati uku azumi sai ga shi da jakarsa, wai ya dawo. Wallahi daren nan ban yi barci ba. In na ta da yaron, na zama maƙaryaci a idon duk yaran shagon, gobe babu wanda zai yarda da maganata. In na ƙi shi, na zama butulu a idon unguwa. Na ƙi shi. Ya buɗe shago a tsallaken titi, ya kwashe min kwastomomi kusan rabi. Shekara uku ba ma gaisawa. Har yau ban san ko na yi daidai ba, amma na san ba mugunta ce ta sa ni ba. Don haka Malam Sani, kada ka ɗauka shi wancan manajan daɗi ya ji.

Ummi_K:
Alhaji, wannan labari naka ya taɓa ni. Kun shirya daga baya?

Tela_Mai_Almakashi:
Mun shirya, 'yata. Rasuwar mahaifiyarsa ce ta haɗa mu. Na je gaisuwa, ya riƙe hannuna ya ƙi saki.

Ɗan_Damagaram:
Ina ta karatu ban sa baki ba. Tambaya gare ni ga waɗanda ke can. Garin Green Bay ɗin nan babba ne? Don na ga kamar abin ya wuce wasa a wurinsu.

Hajiya_Turai:
Ɗan_Damagaram, ƙaramin gari ne, mutanensa ba su fi dubu ɗari da 'yan kai ba, filin wasan kuma yana cin kusan dubu 80. Shi ne gari mafi ƙanƙanta da ke da ƙungiya a gasar. Kuma ba ta da wani attajiri mai ita, ta jama'a ce, mutane sama da dubu 500 ke da takardar hannun jari, ba riba ake ba su ba, a bango suke rataye ta a falo. Iyaye suna rubuta sunan jariri a layin jiran tikitin kaka tun ranar haihuwa. To ka ga in aka taɓa ƙungiyar an taɓa gida. Kafin Favre ya zo, tun bayan kofin da suka ci a farkon 1968, sau biyu kacal suka shiga wasannin sili-ɗaya-ƙwale a sama da shekara 20. Shi ya sa tsofaffin garin suke ganinsa kamar wanda ya fitar da su kunya.

Injiniya_Bello:
Gaskiya ne Hajiya, amma a raba yabon. Ron Wolf, janar manajan Packers na lokacin, shi ne ya ba Atlanta zaɓin zagayen farko a 1992 ya karɓo yaron da ke zaman benci, wanda a shekararsa ta farko jifa huɗu ya yi, babu wanda ya isa hannun ɗan ƙungiyarsu, biyu ma abokan hamayya ne suka cafke. Mike Holmgren ne ya horar da shi. Reggie White ya zo a 1993 ya gyara tsaron baya. A Super Bowl ɗin Janairun 1997 da suka ci New England 35 da 21, Desmond Howard aka ba gwarzon wasan. Kuma Favre, tare da jifan ci 508 da ya yi a rayuwarsa, shi ke riƙe da tarihin yawan jifan da aka cafke, 336. Ƙungiyar ta yi haƙuri da shi sosai. A 1996 da ya faɗa shan ƙwayoyin kashe zafin ciwo har ya kwanta asibitin gyaran hali, ba su yar da shi ba. Amana ta bi ta ɓangare biyu.

Sani_Milwaukee:
Ban musa ba. Amma ƙwayoyin nan saboda wa ya fara shan su? Saboda ya fito fili ranar Lahadi da jikin da ya kamata a ce yana kwance. Wasa 297 a jere Injiniya, in ka haɗa da na sili-ɗaya-ƙwale 321, a wasan da ƙarti masu nauyin buhu biyu suke faɗo maka. Kuma akwai daren da ba zan manta ba. Disamba 2003, mahaifinsa Irvin ya rasu ranar Lahadi, ranar Litinin da dare ya fito a Oakland ya jefa yadi 399 da ci huɗu, suka ci 41 da 7. Lokacin ban fi wata shida da zuwa ƙasar nan ba, ban ma gane dokokin wasan ba. Ina gadin dare, ni da wani dattijo Bature muna kallo a wata ƙaramar talabijin da ke kan firij. Na juya na ga dattijon yana share hawaye da hular sanyinsa. Ni ma ban daɗe da rasa nawa mahaifin ba, kuma ban sami zuwa jana'iza ba. Daga ranar na zama ɗan Packers. Wanda ya ba ku irin wannan dare, ko me ya yi daga baya, ya ci a zauna da shi a rarrashe shi.

Ummi_K:
Allah ya jiƙan mahaifinka Yaya Sani. Yanzu na gane dalilin da abin yake maka zafi haka.

Abban_Husna:
Amin, Allah ya gafarta masa. Ban san da wannan ba Malam Sani. Amma bari in faɗi abin da na gani daga ɓangarenmu. Bayan shekara ɗaya a Jets, inda suka fara da cin 8 cikin 11 kafin jijiyar dantsensa ta yage su ƙare da 9 da 7, ya sake ritaya a Fabrairun 2009. Jets suka sallame shi, sharaɗin nan ya faɗi. Ranar 18 ga Agusta ya sauka Minnesota, kocinmu Brad Childress da kansa ya je filin jirgi ya ɗauko shi a mota, jiragen 'yan jarida masu saukar ungulu suna bin su a sama. Mutumin da muka shekara 16 muna tsine wa, ga shi cikin rigarmu mai launin shunayya. A Oktoba ya ci Packers 30 da 23, ya zama kwatabak na farko da ya taɓa cin duka ƙungiyoyi 32. Ranar 1 ga Nuwamba ya koma Lambeau, filin ya ɗauki ihu tun daga fitowarsa, ya yi musu ci huɗu, 38 da 26. Yana da shekara 40 ya yi jifan ci 33, bakwai kawai aka cafke masa. Mun ji daɗi, ba zan ɓoye ba. Amma kowa yana gani ramuwa ce ta kawo shi, ba son Minnesota ba.

Ɗan_Kurna:
Kai! Ashe Figo ya yi musu. Mu da Figo ya koma Madrid a 2000 har kan alade aka jefa masa da ya dawo Camp Nou. To Yaya Sani, a nan kam ya ɓata rawarsa da tsalle.

Hajiya_Turai:
Ranar wasan Nuwamban nan ina bakin aiki. Akwai wata abokiyar aikina da ta sa wa ɗanta suna Brett. Ta zo da rigar nan mai lamba 4 a ƙarƙashin kayan aiki kamar yadda ta saba duk ranar wasa, amma ta manne sunan da ke baya da filasta. Na tambaye ta me ya sa ba ta bar rigar a gida ba. Ta ce ba za ta iya jefar da ita ba, kuma ba za ta iya kallon sunan ba. Gidaje da yawa sun rabu biyu a shekarar, uba yana bayan Favre, 'ya'ya suna bayan Rodgers.

Sani_Milwaukee:
Ɗan_Kurna, Figo da ƙafarsa ya tafi ana son sa. Wannan korar sa aka yi. Ni ranar ban yi masa ihu ba, ban kuma yi murna ba. Kashe talabijin na yi a zagaye na uku.

Madridista_Zariya:
To a ƙarshe wa ya ci riba? Shi ya ɗauki kofi da Minnesota ɗin?

Injiniya_Bello:
Bai ɗauka ba. Janairun 2010 a New Orleans, saura wasa ɗaya a je Super Bowl, ana kunnen doki, saura daƙiƙu kaɗan, suna dab da inda za su buga ta shiga, ya yi jifa Tracy Porter ya cafke. Aka cinye su 31 da 28 a ƙarin lokaci. Ya sha duka a wasan nan ƙwarai, kuma daga baya hukumar gasar ta hukunta New Orleans Saints ɗin kan tsarin ba 'yan wasa lada in sun ji wa abokin hamayya ciwo. Kakar 2010 jikinsa ya ƙi, a Disamba jerin wasanninsa ya tsaya. Su kuwa Packers, bayan sun sha wuya a 2008 da cin wasa 6 kawai, a Fabrairun 2011 suka doke Pittsburgh 31 da 25 suka ɗauki Super Bowl, Rodgers ne gwarzon wasan. Ba a fafe gora ranar tafiya. Thompson ya fafe nasa tun 2005, ya sha zagi a kai har ya gaji.

Abban_Husna:
Kada ka tuna min da Tracy Porter Injiniya. Har yau in na rufe ido ina ganin filin da ke gabansa, da gudu ya yi 'yan taku da an wuce wurin.

Kawu_Garba:
Injiniya, cin kofi ya nuna shawarar ta yi kyau. Bai nuna an yi ta da kyau ba. Kamfanin da na bari ma bai rushe ba bayan tafiyata, yaron ya riƙe sito da kyau, ina alfahari da shi. Wannan bai goge ranar Juma'ar nan ba.

Ɗan_Damagaram:
Kawu ya faɗi magana. Amma ni abin da ya tsaya min, shi Rodgers ɗin yaya tasa ta ƙare da su?

Hajiya_Turai:
Abin da ya ci Doma ai ba ya barin Awai. A 2020 ƙungiyar ta haura sama a zaɓe ta ɗauko wani kwatabak, Jordan Love, ba tare da an sanar da Rodgers ba. Ransa ya ɓaci, ya ci gwarzon gasa a 2020 da 2021 a jere, aka yi ta ja-in-ja da shugabanni, a Afrilun 2023 aka sayar da shi. Ina? New York Jets, inda aka tura Favre. A wasansa na farko, hari na huɗu, jijiyar agararsa ta tsinke. Amma a yi masa adalci, Love da kansa yana yaba yadda ya riƙe shi a shekara ukun da ya yi a bayansa. Ya san zafin abin, bai rama a kan yaro ba.

Gwani_77:
Ni duk wannan tausayin ban da shi. Ku je ku karanta badaƙalar kuɗin tallafin talakawa a Mississippi, jihar da ke cikin mafi talauci a Amurka. Sunansa ya fito dumu-dumu. Mutum irin wannan ne za mu zauna muna wa kuka?

Injiniya_Bello:
Gwani, a faɗe ta yadda take. An biya shi dala miliyan 1.1 daga wannan asusu da sunan jawabai da talla, kuma wasu miliyoyin sun tafi ginin ɗakin wasan ƙwallon raga a jami'ar da ya yi. Ya mayar da miliyan 1.1 ɗin, ya ce bai san kuɗin talakawa ba ne, kuma ba a gurfanar da shi kan aikata laifi ba, ƙarar neman biyan kuɗi ce jihar ta shigar da shi a ciki. Abin ya zubar masa da mutunci sosai, ni ma ya rage min shi. A Satumban 2024 kuma, a gaban wani kwamitin majalisar wakilai, ya bayyana cewa yana da cutar Parkinson.

Mai_Gudanarwa:
Jama'a, maganar Mississippi babba ce, wanda yake so ya buɗe mata nata zaren. A nan tambayar Malam Sani ita ce rabuwar 2008. Mu koma kanta.

Ummi_K:
Ni tambayata ɗaya, irin wadda na yi wa Alhaji Tela. Sun shirya?

Sani_Milwaukee:
Sun shirya ƙanwata, bayan shekara bakwai. A Yulin 2015 aka sa shi cikin zauren gwarazan ƙungiyar, mutane suka cika Lambeau don su gan shi kawai, babu wasa babu komai. Ya yi ta tsoron za a yi masa ihu, sai aka tashi tsaye ana tafi har ya kasa magana. A Nuwamba aka buɗe lambarsa 4 a jikin filin, ana ruwan sama, aka kawo Bart Starr, tsohon kwatabak ɗinsu na zamanin koci Vince Lombardi, a ƙaramar mota saboda rashin lafiya, suka rungume juna. Na kalla, na yi kuka. Amma shekara bakwai ɗin nan fa? Da tun a Fabrairun 2008 wani babba ya hau jirgi ya je Mississippi ya zauna da shi a ƙofar gida, ba waya ba, ya ce Brett ga gaskiyar magana, ko ka dawo shekara ɗaya mu yi maka sallama ta girma, ko mu rabu a mutunce, da duk ba a yi wannan ba.

Tela_Mai_Almakashi:
Malam Sani, na zauna da nawa a ƙofar gida har sau huɗu. Mutumin da bai san abin da yake so ba, ko ka kwana a zaurensa ba zai faɗa maka ba. Ba ƙarya yake yi ba in ya ce ya gaji, ba ƙarya yake yi ba in ya ce yana so. Duk biyun gaskiya ne a ransa, kai kuma kana da shago da za ka buɗe gobe da safe.

Abban_Husna:
Shi kansa Favre daga baya ya yarda a hira cewa yana da nasa laifin. Ni dai ina nan kan bakata, kaso mafi yawa nasa ne.

Hajiya_Turai:
Abokiyar aikin nan tawa ta cire filastar a 2015. Amma gam ɗin ya bar tabo a kan haruffan, ta wanke ta wanke bai fita ba. Haka take sa ta.

Ɗan_Kurna:
Yaya Sani, in Love ya tsufa suka ɗauko wani yaro, wa za ka bi?

Sani_Milwaukee:
Packers zan bi Ɗan_Kurna, kamar yadda na bi su a 2008 ina jin haushinsu. Abban_Husna, ban sauka daga maganata ba, kuma ba ka ba ni amsar sharaɗin zaɓi ukun nan yadda zan gamsu ba. Zan shiga aiki yanzu, in na fito da asuba zan duba.